Kiran Sunaye a Valcabre

Litinin, 4 ga Oktoba, 1926

Na dawo daga Paris a jirgin ƙasan safe, ƙafar hagu tana ta min tsiya tun daga tasha. Honorine ta ce na rame. Tun da muka yi aure, duk inda na dawo abin da take fara faɗa ke nan, ko da daga wurin aski ne.

Zaɓe a watan Janairu. Wa'adina a Majalisar Dattawa ya zo ƙarshe, kuma na riga na gaya wa kowa zan sake tsayawa. Da a ce jama'ar gari ne ke zaɓen sanata, da sai in hau kan akwati a kasuwa in yi jawabi in koma gida. To ba su ba ne. Magadan gari ne da wakilan kansilolinsu, kuma kowane ɗaya sai ka taka har ƙauyensa, ka zauna a teburinsa, ka ci abin da aka dafa, ka ƙara, sannan ka saurari tarihin gadar da ruwa ya cinye tun zamanin kakansa. Na ƙare ƙuruciyata a soja ina ba da umarni a tsaye. Yanzu ga ni ina roƙo a zaune, cokali a hannu.

Casimir Bonnafous ya zo gaishe ni da yamma. Sajena ne a yaƙi, yanzu shi ne magajin garinmu na Valcabre. Ya ajiye tumbi, amma har yau in ya shigo falo sai ya ƙame. Ya ce wani lauya mai suna Puech ya fito neman kujerata, ya fara zagaye ƙauyuka a mota yana alkawarin wutar lantarki.

"Lantarki, Kanar! Wai har a garken awaki."

Na ce ya bar shi ya yi ta ƙona mai.

"Ai na gaya musu," in ji shi. "Na ce shi yana da fitila, mu muna da mai kiran sunaye."

Ban ji daɗin maganar ba, amma ban musa ba.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Da safe na bi ta gaban dutsen tunawa da 'yan kwarinmu da suka mutu a yaƙi. Gansakuka ya fara cin gindinsa, na sa a gaya wa Casimir.

A jikin dutsen an jera sunayensu ne bisa haruffa, kamar rajistar makaranta. Ni ba haka nake kiransu ba. Kowace sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta, nakan juya wa dutsen baya, in fuskanci mutane, in kira su da ka, bi da bi yadda suka faɗi, daga na farko a bazarar shekarar da aka fara zuwa na ƙarshe. Duk wanda na kira, danginsa su amsa: "Ya mutu domin Faransa." Mafi yawansu a ƙarƙashina suka yi, don a lokacin 'yan kwari ɗaya ake zubawa a runduna ɗaya. Na san wanda ke minshari, na san wanda ke kuka in wasiƙa ta zo.

Ban taɓa rubuta sunan ko ɗaya a takarda ba, ko a cikin wannan littafin, kuma ba zan rubuta ba. Mutumin da ka tura da bakinka ya tafi bai dawo ba, ba ka karanto shi kamar jerin kayan shago. Ba don ƙuri'a na fara ba, Allah ya sani. Amma magadan garin kwarin nan duka suna zuwa su ji, kuma ni ba yaro ba ne da zan ce ban san abin da ya kai ni Paris ba.

Talata, 12 ga Oktoba

Sérignols, gidan magajin gari Anselme Cros. An ce ƙarfe sha biyu, na isa sha biyu, mutumin yana gona. Casimir ya sha gaya mini in daina wannan hali, wai a ƙauye in ka zo kan lokaci kamar ka zo kama mutum ne. Muka zauna a dakali muna kallon kaji.

Abinci wake da naman agwagwa, ya yi daɗi ƙwarai. Cros ya yi maganar gadarsa, na yi alkawarin da zan iya cikawa, na ƙi yin wanda ba zan iya ba. Komai yana tafiya daidai, sai na ajiye cokali na ce:

"Ina Madam Cros? A kira ta in gode mata. Wannan hannunta ne, ko a duhu zan gane."

'Yarsa, wadda ke tsaye da tukunya, ta juya ta koma madafa.

Matar ta rasu tun farkon bazara. Na je jana'izar. Ni na yi magana a bakin kabari.

Casimir ya yi wuf ya ce, "Kanar yana nufin yarinyar ta gaji hannun uwarta, Anselme. Zuba masa ya ƙara." Cros ya ce haka ne, haka ne, ya cika mini kofi. Mutumin kirki ne.

A hanya Casimir fito kawai yake ta yi wa doki. Giyar Cros tana da ƙarfi, ita ce.

Asabar, 16 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Ƙauye biyu, wake sau biyu, gada biyu.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Na fara bita a lambu, kamar kowace shekara. Ina tafiya tsakanin itatuwan tuffa ina kiransu ƙasa-ƙasa. Yadda abin yake: fuska ce ke fara zuwa, da wurin da aka yi, taɓo ne ko alli ko daji, sai sunan ya biyo baya da kansa.

Yau a tsakiyar waɗanda suka faɗi a shekara ta uku ta yaƙi na tsaya. Fuskar tana nan, har wushiryarsa, har yadda yake riƙe taba a cikin tafin hannu. Sunan babu. Na koma baya na taho da sauri, kamar dokin da ya ƙi tsallaka rami aka sake koro shi, sai ga shi ya fito. To ya fito, shi ke nan. Ba abin rubutawa ba ne ma.

Da na ɗaga kai na ga Honorine a taga. Ta yi kamar gilashi take gogewa.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Bayan coci Inna Azémar ta tare ni a matakala. Tana saukowa daga tudu da ƙafa duk Lahadi, ita kaɗai take zaune can da awakinta tun da mijin ya rasu. 'Ya'yanta biyu duka suna jikin dutsen. Babban ya tafi a kakar farko ta yaƙi, ƙaramin kuwa dab da ƙarewa, ana saura ƙiris. Shi ne na kusa da na ƙarshe a jerina. Mai manyan kunnuwa, wanda hular ƙarfe ke zama a kansu. Yakan yi fiton kiran awaki a cikin rami in an yi shiru da yawa, maza su fashe da dariya. Na taɓa ci masa tara a kan haka, kuma na yi dariyar ni ma da na juya baya.

"Kanar, awaki sun yi nono bana," in ji ta. "Naka yana nan na ware, yana shan iska."

Cuku take nufi. Kowace shekara in na gama kira, takan zo ta miƙo mini cukun akuya guda a naɗe cikin ganye, ba ta cewa komai, ni ma ba na cewa. Na karɓi lambobin yabo daga hannun manya, ban damu da inda Honorine ta ajiye su ba. Wannan cukun kuwa ni kaɗai nake ci, ba na ba kowa.

Juma'a, 29 ga Oktoba

Mun yi cacar baki da Honorine a kan karin kumallo.

Ta ce in rubuta sunayen a 'yar takarda in manna a cikin hula. Ai hular a hannuna take lokacin kira, wa zai gani?

Na ce su za su gani.

"Su wa, Firmin? Matattun?"

Na ce ta bar maganar.

"Jiya sau nawa ka tambaye ni ko an kawo wasiƙu? Suna gabanka, ka riga ka buɗe su."

Na ce ai ba laifi ba ne mutum ya tabbatar. Na ce na riƙe runduna a kaina a lokacin da ƙasa ke tashi sama, ba sai yau wata mace za ta koya mini ba. Ban so na ce "wata mace" ba. Ta tashi ta kwashe kofuna. Nawa ma ban gama sha ba.

Talata, 2 ga Nuwamba

Na haɗu da Puech a masaukin Brassanel, shi yana fitowa daga wurin magajin gari, ni ina shiga. Na so ya zama ɗan iska don in huta. Ina! Ya cire hula, ya riƙe mini ƙofa, sai na ga hannun damansa yatsu uku ne. Ashe shi ma ya yi, a wata runduna. Ya ce zai zo Valcabre ranar sha ɗaya ya ji ni, wai mahaifiyarsa ta ce duk wanda bai ji ba bai san kwarin nan ba.

Surutu ne da shi, amma ya san farashin waya da turken lantarki, ni kuwa ban sani ba. Ya ba ni haushi duk yini.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Bita lafiya lau, daga farko har ƙarshe.

Laraba, 10 ga Nuwamba

An fito da kayan soja an goge maɓallai. Rigar ta yi mini yawa a wuya. Ashe dai na rame ɗin.

Tun da ba mai karantawa, bari in faɗa: ina jin tsoro. Ban ji irinsa ba ko a jajibirin farmaki, don a can in ka faɗi an san dalili. Gobe duk masu zaɓe za su tsaya a gabana da ɗamarunsu masu launi uku, Puech yana cikinsu, iyaye mata suna gaba. In na tsaya baki buɗe, kujera ta tafi. Amma ba kujerar ce ke hana ni cin abinci ba.

Honorine ta ajiye 'yar farar takarda da fensir kusa da hular. Na mayar da su aljihun tebur.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

An gama! Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar suna fareti, murya ta fita har bakin masauki, iyalai suna amsawa. Da na kira na ƙarshe na ji kamar an sauke mini jaka daga baya.

An ɗan yi shiru mai tsawo kafin begila. Sai da Casimir ya ɗaga wa mai busa hannu da sauri, ban san me mutumin yake jira ba. Zan yi masa magana.

A wurin shan giyar girmamawa magadan gari suka yi ta riƙe mini hannu, wasu da hannu biyu. Cros har da hawaye. Puech ya zo ya sunkuya ya ce ba zai manta da yau ba. To, ya je ya gaya wa mahaifiyarsa. Honorine ta maƙale mini hannu tun daga dandali har gida kamar zan gudu. Na ce mata, "Ina takardarki yanzu?" Ta ce in ci abinci kafin ya huce.

Inna Azémar ba ta zo wurina ba. Na hango ta tsaye a gaban dutsen bayan an watse, kwando a hannu. Wataƙila cunkoso ne ya hana ta.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Cuku bai zo ba. Na tambayi Honorine ko tsohuwar ba ta da lafiya, ta ce ba ta ji ba. Gobe Paris.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, Paris

Zauren Majalisa da ɗumi, kujeru ja masu laushi, rabin mutanen suna gyangyaɗi bayan abincin rana. Na yi magana a kan fanshon matan da yaƙi ya bari. Ban riƙe takarda ba. An tafa, har waɗanda suka farka a tsakiya.

Farkon zuwana nan na raina wurin. A soja in ka ce a yi, kafin ka rufe baki an yi. A nan in ka ce a yi, sai a kafa kwamiti ya duba ko "a yi" ɗin ya dace da sashe na kaza. Amma shekarun nan sun koya mini wani abu. A soja na ce a yi, aka yi, kuma ga dutse can a Valcabre. A nan kuwa, duk jinkirinsu, ban taɓa faɗin kalmar da ta hana wani komawa gida ba. Ina son wurin nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ina son in dawo.

Na ɗan ɓata a hanyar ɗakin kwamiti. Sun canza labule, shi ya sa.

Asabar, 27 ga Nuwamba

Na dawo jiya. Yau kasuwa. Na ga Inna Azémar a wurinta na kullum, kusa da famfo, cukunta a jere kan ganye. Na je da wasa, na ce, "Inna, bana an manta da ni ke nan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta kawo shi ranar, yana cikin kwando, ta mayar da shi gida.

Na ce me ya faru.

Abin da ta ce, yadda nake iya tunawa:

"Babban ka kira shi, Kanar, na amsa. Sai na tsaya ina jiran ƙaramin. Na san wurinsa, bayan ɗan gidan mai niƙa, kafin ɗan malamin makaranta. Ka kira ɗan mai niƙa, na ja numfashi, na buɗe baki. Sai na ji ka wuce. Bakina a buɗe aka busa begila."

Na ce, "Inna, na kira shi."

Ta ce, "To."

Ta naɗe wa wata mata cuku, ta ba ta canji. Ina tsaye. Sai ta ƙara, ba tare da ta dube ni ba:

"Ba faɗa nake ba. A gida ba ni da wanda zan faɗa wa sunansa. In na faɗa, awaki ne ke juyowa. Sau ɗaya a shekara nake jin wani ya kira shi da ƙarfi a gaban mutane, shi ke nan abin da nake saukowa ɗauka."

Ban san yadda na iso gida ba. Na koma na karanta abin da na rubuta ranar sha ɗaya. "Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba." Da hannuna.

Lahadi, 28 ga Nuwamba

Na aika aka kira Casimir. Na sa shi ya tsaya, ban ba shi kujera ba.

"Saje, na tsallake shi ko ban tsallake ba?"

Ya dubi silin, ya dubi takalmansa. Na maimaita.

"Ka tsallake, Kanar."

Kowa ya ji. Duk dandalin. Wannan shirun kafin begila, jira suke in dawo in gyara. Shi Casimir ne ya zaga a wurin shan giya yana cewa duk wanda ya ɗaga maganar zai gamu da shi. Har Puech ya ba shi hannu a kan haka, kuma ya cika, bai faɗa a ko'ina ba.

"Amma ƙuri'u suna nan, Kanar, wallahi sun ma ƙaru. Anselme ya ce ko a kan gado kake zai zaɓe ka. Suna sonka."

Na ce ya fita. Ya ƙame, ya fita, na ji yana fyace hanci a tsakar gida.

Suna sona. Za su tura ni Paris kamar yadda ake barin tsohon kare kusa da murhu. Na fi son a harbe ni.

Na tambayi Honorine tun yaushe ta sani. Ta ce tun bara. Ita ce ke tsayawa kusa da ni a taro tana gaishe da mutane da sunansu da ƙarfi kafin in miƙa hannu. Ni kuma ina ta mamakin yadda ta koyi surutu da tsufa. Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Na gaya maka, Firmin. Ka ce wata mace."

Litinin, 29 ga Nuwamba

Ban fita ba.

Talata, 30 ga Nuwamba

Abin da ya fi damuna ba mantuwar ba ce. Da na tsaya na rasa, da na san na rasa. Amma na wuce shi ne lafiya lau, raina fes, har ina yi wa matata gori. A majalisa ma haka zan yi wata rana, in tsallake wani abu da ran mutane ke rataye a kai, a tafa mini, in zo nan in rubuta cewa an yi nasara.

Na gwada bita a lambu. Yana nan a wurinsa, da kunnuwansa. Ban san me ya same ni ranar ba.

Alhamis, 2 ga Disamba

Na sa kayan soja bayan abincin rana. Honorine ta dube ni, ta ɗauki mayafinta da jakarta, ba ta tambaya ba. Muka hau tudu a keken doki. Inna Azémar tana ba awaki ciyawa. Na cire hula na ce ina bin ta kira ɗaya, in za ta sauko.

Ta ce in jira ta canza riga. Ta fito da baƙar rigarta ta coci da kwando.

Dandali babu kowa, ana yayyafi. Wasu 'yan zaman masauki suka leƙo da kofuna a hannu, da suka ga kayan jikina suka ajiye kofunan suka fito. Sai ga Casimir da gudu yana ɗaura ɗamararsa a kan rigar aiki, a karkace.

Na tsaya a wurina, baya ga dutse. Ita tana gabana. Na gyara murya. Fuskar ta zo, kunnuwan, fiton, gefen dajin da abin ya faru, har warin ganyen da ya jiƙe. Na ce, "Azémar."

Shi ke nan. Sunan yanka ya ƙi zuwa. Na bi shi da safe a lambu, na bi shi a keken doki muna saukowa, yana bakina. Yanzu babu. Na koma baya a raina na taho da gudu, babu. Ruwa yana shiga mini wuyan riga. Ba wanda ya yi tari.

Sai ta ce, a hankali, kamar tana nuna wa baƙo hanya:

"Juya, Kanar. Yana nan bayanka, can sama, ƙarƙashin na wansa. Ai don haka aka sassaƙa shi."

Na ce ban zo da tabarau ba. Honorine ta buɗe jaka ta miƙo mini. Ashe ta ɗauko.

Na juya. Tun da aka kafa dutsen nan ban taɓa ba mutane baya a gabansa ba. Na bi layin da kan sandata, na same shi, na karanta da duk ƙarfin da ya rage mini, irin muryar da ake ji a ƙarshen sahu. Daga bayana ta amsa, "Ya mutu domin Faransa."

Na daɗe ban juyo ba. Ina kallonsu ne. Duka suna nan, ba wanda ya ɓata, ba wanda aka tsallake. Mai sassaƙan ya yi aiki mai tsabta, ban taɓa lura ba.

Da na juyo ta miƙo mini cukun. Ta ce ya ɗan bushe.

Lahadi, 5 ga Disamba

Ya bushe ɗin. Na yanka wa Honorine rabi.

Talata, 14 ga Disamba

Na gaya wa Casimir ƙafar nan ba za ta ƙara ɗaukar sanyin Paris ba, ya sanar da su kafin a buga takardun zaɓe. Ya ce ai ƙafar ta fi bara sauƙi. Na ce wa ya tambaye shi? Na ce ya je ya ga lauyan nan, ya sa shi ya yi alkawarin gadar Cros a gaban shaidu, da maganar fanshon matan nan da na bari a kwamiti. In ya yarda, a ba shi ƙuri'unmu.

"Umarni ne, Kanar?"

Na ce umarni ne. Ya daɗe a ƙame kafin ya tafi.

Saboda ƙafa ne. Haka za a faɗa wa jarida.

Lahadi, 9 ga Janairu, 1927

Yau suka yi zaɓe a babban gari. Na yini ina sassabe rassan tuffa, ko da yake Honorine ta ce na riga na yi wa wannan layin shekaranjiya. Bai cutar da su ba.

Casimir ya biyo da yamma yana warin giyar nasara. Mai fitila ya ci. Ya ce malamin makaranta ya yarda shi zai riƙa karanta sunaye daga jikin dutse a Nuwamba mai zuwa, amma yana tambaya ko zan so in tsaya kusa da shi. Na ce a'a. Inna Azémar ta riga ta ce akwai wuri kusa da ita, cikin masu amsawa. Akwai uku ko huɗu da ba su da sauran dangi a kwarin nan, kullum shiru ake yi in an kira su. Wani ya kamata ya amsa.

Sanyi sosai. Ƙafa da sauƙi.

Élie Azémar.

Élie Azémar.

Ba wani abu ba ne, alƙalamin da Honorine ta ba ni na sabuwar shekara nake gwadawa. Yana rubutu da kyau. Gobe zan gwada shi da sauran.